Harlem: Zangon da Muka Tarar an Share Mana

Titunan birnin New York lamba ake ba su kamar layukan rumfuna a kasuwa, amma da ka shiga unguwar Harlem sai ka tarar manyan titunan suna da suna bibbiyu, tsoho da sabo. Titi na 125 shi ne titin Martin Luther King. Wanda ake kira Lenox shi ne Malcolm X. Na gaba da shi Adam Clayton Powell, na bayansa kuma Frederick Douglass, mutumin da aka haifa bawa ya gudu ya 'yanta kansa. Mutum huɗu ke nan, duk baƙar fata, biyun farko bindiga ce ajalinsu, kuma kowannensu shekararsa 39 ranar da aka harbe shi. Mutanenmu da ke kasuwanci a unguwar suna ambaton sunayen nan sau ashirin a rana wajen yi wa kwastoma kwatance, sai dai ba kowa ne ya taɓa tsayawa ya tambayi ko su wane ne ba.

Ni ɗan kasuwar yadi ne a Kumasi, shadda da atamfa da ɗan abin da ba a rasa ba na kente. Na je Amurka ziyarar ƙanina da ke zaune a Bronx fiye da shekara ashirin, na kuma riƙo 'yar haja don in gwada kasuwa. Sati biyar na yi. Daga gidansa jirgin ƙasa mai lamba 2 ake shiga, ya nutse ƙarƙashin ƙasa, ya fito da kai a tashar titi na 116. Kana hawowa matakala ƙubbar masallaci ce za ta fara tarbarka, sannan ƙamshin shinkafa da kifi irin na Senegal, sannan harsuna: Wolof, Fulatanci, Bambara, Zabarmanci, can kuma ka ji wani ya ɗaga murya a waya yana cewa wallahi bai ga kuɗin ba tukuna. Ga shagon aika kuɗi gida, ga na kitso, ga mahauci mai naman halal. Ƙaramar Senegal ake ce wa wurin. Mu dai da ganinsa mun san sunansa, zango ne.

Masallacin nan na kan kwana shi ne Masjid Malcolm Shabazz. A nan Malcolm X ya yi shekara goma yana jagorantar reshen ƙungiyar Nation of Islam, daga 1954 har ya rabu da su a 1964, ya tafi aikin hajji ya dawo da suna Alhaji Malik Shabazz. Bayan Elijah Muhammad ya rasu a 1975 ɗansa Warith Deen ya juya da jama'ar zuwa Musulunci irin wanda muka sani, aka kuma sa wa masallacin sunan Malcolm. Taku kaɗan daga nan akwai kasuwar da ita ma sunan take ɗauke da shi, kuma a cikinta na fi yin zama, don a nan na sami wani dattijo Bahaushen Nijar da ya zo ƙasar tun kafin a yi kasuwar. Tsakiya yake sayarwa da man kaɗanya da sabulun salo da turaren wuta da ƙananan ganguna. Ya ba ni kujera, ya ba ni shayi a kofin takarda, ya ba ni labari.

Da can, in ji shi, ba a nan suke ba. A gefen titi na 125 suke kasa kaya, tebur na bin tebur, 'yan Nijar da Mali da Senegal da Gini haɗe da baƙaƙen Amurka da mutanen Jamaika. Shekarar 1992, da fim ɗin rayuwar Malcolm X ya fito, hular hana-sallah mai harafin X ta zama kamar goro ranar sallah, duk wanda ya kasa sai ya tashi da kuɗi. Bayanta kente ya shigo. Da ya ce kente na gyara zama, don Bonwire inda ake saƙa shi ba nisa da mu. Sai ya yi dariya ya ce, Alhaji, ba irin naku ba ne, bugun inji ne, wani ma ko hanyar Afirka bai sani ba. Masu saye ba zaren suke nema ba. Mutum ne da aka raba kakanninsa da gida, aka canja musu suna da harshe, yana son ya ɗora wani abu a kansa da zai ce ga inda na fito. Mutanenmu suka gane wannan ƙishirwa tun kafin su iya Turanci, suka sayar mata da ruwa. Ban ga laifinsu ba, ciniki ne, kowa ya sami abin da ya zo nema. Amma dai mu riƙa tuna cewa jarin farko na gidaje da yawa da aka gina a Maraɗi da Yamai da kuɗin titin nan daga aljihun talakan baƙar fata ya fito.

A watan Oktoba na 1994 magajin gari Giuliani ya turo 'yan sanda suka tashi 'yan tebur gaba ɗaya daga titi na 125. Masu kantunan titin, har da baƙaƙe a cikinsu, da wasu manyan unguwa ne suka matsa a yi hakan, suna kukan an toshe musu ƙofa, kuma masu tebur ba sa biyan haya. Wannan rigima mun san ta, ita ce ta Kejetia, ita ce ta kowace kasuwa. Abin da ya kamata a sani shi ne wanda ya tsaya aka sami filin da za a koma: masallacin baƙaƙen Amurka ne ya ɗauki nauyin sabuwar kasuwar. Ciniki bai taɓa komawa kamar na 125 ba, dattijon bai ɓoye mini ba, amma an sami rumfa mai rufi da takarda a hannu, an daina tsere da ɗan sanda.

Daga 116 zuwa 125 tafiyar minti goma ce a ƙafa, kuma ina ba duk wanda Allah ya kai shi shawarar ya taka ta. A titi na 125 akwai wani dogon gini da tsohon allonsa yake maƙale har lokacin da na je, an rubuta Blumstein. Kanti ne babba a zamaninsa. Baƙaƙen fata sun cika Harlem ne tun daga wajen 1916, lokacin da suka fara gudo wa wulaƙancin jihohin kudu, hijirar da kafin 1970 ta kwashe mutum kusan miliyan 6 zuwa arewa da yamma. Su ne mafi yawan masu sayayya a kantin, amma ba a ɗaukar su aikin tsayawa bayan kanta, sai shara da dako da jan lifta. A 1934 suka ce to, kada wanda ya ƙara sayen ko allura a inda ba za a ba shi aiki ba. Limaman coci suka sanar, mata suka tsaya a ƙofa da alluna, mako ya bi mako, aljihun mai kanti ya fara jin sanyi, ya sauko ya yarda zai ɗauki 'yan mata baƙaƙe. Ko a nan sai da aka yi wata, don waɗanda aka fara zaɓa masu hasken fata ne, abin ya tayar da ƙura a tsakanin masu gwagwarmayar kansu. Na tuna da wannan da na ga man bilicin jere a kantocin shagunanmu na 116, wanda zance ne na wata rana. Kotu ta zo ta hana tsayuwar ƙofar kanti, sai a 1938 kotun ƙolin ƙasar ta ce suna da 'yancin yin ta.

Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan faɗa. Ba su da ɗan majalisar ƙasa nasu a lokacin, kuɗin cefane kawai gare su, kuma da shi suka buɗe ƙofar. Adam Clayton Powell, limamin cocin da ya ja ragamar ƙaurace wa kantuna da motocin haya daga baya, shi ne ya zama wakilin Harlem a majalisar ƙasa a 1945. A cikin kantin Blumstein ɗin nan ne kuma wata mata ta soki Martin Luther King a ƙirji a watan Satumba na 1958 yana zaune yana sa hannu a littattafansa, da ƙyar likitocin asibitin Harlem suka ceto shi.

Gaba kaɗan, a kan kwana, ga farin ginin otal ɗin Theresa, wanda yanzu ofisoshi ne. Yana tsakiyar unguwar baƙaƙe amma bai fara ba su ɗaki ba sai 1940. Shekara ashirin bayan haka Fidel Castro ya sauka a cikinsa, Nasser na Masar ya zo ya same shi a nan, kuma a nan Malcolm ya buɗe ofishin ƙungiyar da ya kafa a 1964 bayan ya zaga Najeriya da Gana, ya kwaikwayo sunanta daga ƙungiyar haɗin kan Afirka. Mu mutanen Gana muna da ƙarin dalilin tsayawa a titin nan. Kwame Nkrumah ya yi shekara goma a Amurka yana karatu, daga 1935 zuwa 1945, kuma da talauci ya matsa masa kifi ya sayar a titunan Harlem. Ɗan tebur ne shi ma, ka ji. A nan ya sha ra'ayin Marcus Garvey, mutumin Jamaika da ya kafa kamfanin jiragen ruwa mai suna Black Star a 1919 da kuɗin da talakawa suka tara. Kamfanin ya karye, amma baƙin tauraron yana nan a tsakiyar tutar Gana da rigar 'yan ƙwallonmu. Yaro a Aboabo zai yi ta ihun Black Stars bai san daga Harlem sunan ya taso ba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Kafin 1965 dokar shiga Amurka ƙabila take dubawa. An ware kaso mafi tsoka ga Ingila da Jamus da maƙwabtansu, ƙasashen Afirka da yawa kuwa gurbinsu bai wuce mutum 100 a shekara ba. Me ya canja ta? Shekara goma baƙaƙen ƙasar suka yi suna tafiya a ƙasa a Montgomery don kada su zauna a bayan bas, ana sakar musu karnuka a Birmingham, aka sa bam a coci ya kashe 'yan mata huɗu a 1963, aka farfasa musu kai a kan gadar Selma. Daga nan aka yi dokar hana wariya a 1964, aka yi dokar kare 'yancin zaɓe a watan Agusta na 1965. Wata biyu bayan ta, ranar 3 ga Oktoba, shugaba Johnson ya sa hannu a sabuwar dokar baƙi da ta soke rabon ƙabila, don ƙasar da ta gama cewa launi ba zai hana ka kujera a gidan abinci ba, ba ta da bakin cewa zai hana ka biza. Cacar biza da dokar 1990 ta kawo, wadda ƙanina ya ci ya tafi, a kan wancan harsashi aka ɗora ta. Zuwa 2019 cikin kowane baƙar fata goma a Amurka ɗaya a wata ƙasa aka haife shi, mutum miliyan 4.6. Duk wanda ke karɓar dala daga ɗa ko miji ko ƙani a can, to ya san akwai jinin wasu a ƙofar da nasa ya bi ya shiga.

Na faɗi haka ne saboda abin da kunnena ya ji a majalisun mutanenmu, a Bronx da Harlem duka. Idan aka rufe shago aka zauna shan shayi, hirar baƙaƙen Amurka ba ta da daɗin ji. Malalata ne, ba sa son aiki, ba su da tarbiyya, kada ka bari ɗanka ya yi abota da su, kada 'yarka ta kawo maka ɗaya. Wani har ya ce ai 'ya'yan bayi ne. Su ma ba su bar mu ba. Akwai masu cewa mun zo mun karya farashin aiki, mun cika unguwa, muna yi wa Bature ladabin da su suka daina, kuma kakanninmu ne suka sayar da nasu. Yaranmu da suka shiga makaranta a shekarun baya sun sha tsokana a kan suna da wari da daji. Ba ƙarya ba ne akwai ƙwaya da bindiga a wasu layukan, kuma akwai ɗan kasuwarmu da yaran unguwa suka yi wa fashi, ba zan ce masa bai ji zafi ba. Amma mutumin da ya zo da ƙarfinsa, danginsa suka haɗa masa kuɗin jirgi, yana da gidan da zai koma in ta ɓaci, bai dace ya auna kansa da wanda aka hana kakansa karatu, aka hana ubansa bashin sayen gida, aka kai wansa kurkuku ba. Nauyin da ke kan mutum biyun ba ɗaya ba ne.

Kalmar bayi kuwa, mu ne ya kamata mu fi kowa jin nauyinta a baki. Kowane ɗan zango ya san Salaga, ya kuma san ba goro kaɗai fatake ke saye a kasuwarta ba. Kuma ba saye kawai muka yi ba, an saye mu. Hausawa da yawa sun ƙare a Bahia ta ƙasar Brazil, har suka yi ta tayar wa iyayengijinsu da bore tun daga 1807. Akwai wani Muhammadu Baƙuwaƙuwa, kamar yadda Turawa suka rubuta Baquaqua, ɗan garin Jugu da ke kan hanyar fatake daga Kano zuwa Gwanja, a arewacin Benin ta yau. Uwarsa Bakatsiniya ce. Aka kama shi aka sayar, ya yi bauta a Brazil, ubangidansa ya zo da shi New York a jirgin ruwa a 1847, ya tsere a nan da taimakon masu yaƙi da bauta, aka buga labarin rayuwarsa a 1854. Jikan Katsinawa ke nan ya riga mu sauka a birnin da shekara ɗari da hamsin. Wa ya san ko matar da ta tsaya tana taya tsakiya a rumfar dattijo jinin wani gida ce a Zazzau ko Gobir?

A Bronx ɗin da nake kwana akwai unguwar da ake kira Soundview, na roƙi ƙanina ya kai ni wani layi a cikinta mai suna Wheeler. Gidajen jan bulo ne masu hawa biyu, ba abin kallo. An sa wa yankin layin sunan Amadou Diallo. Bafulatanin Gini ne, shekararsa 23, ɗan tebur kamar kowa, yana sayar da safa da safar hannu da kaset ɗin bidiyo a titi na 14. Daren 4 ga Fabrairu 1999 ya dawo daga kasuwa yana tsaye a zauren gidansu, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tunkare shi, ya sa hannu a aljihu ya ciro walat, suka buɗe masa wuta. Harsashi 41 suka harba, 19 suka same shi. Ba shi da ko reza. Ba su tambaye shi ko ɗan Futa Jalon ne ko jikan bayin Karolina ba, ba su ji irin Turancinsa ba, fatar suka gani.

Waɗanda suka fito masa su ne mutanen da ake zagi a majalisar shayi. Mako da mako suna zuwa ƙofar hedikwatar 'yan sanda suna zama a ƙasa ana kama su, fiye da mutum 1,000, ciki har da David Dinkins, baƙar fata na farko da ya yi magajin garin, da Charles Rangel wakilin Harlem. Aka ɗauke shari'ar zuwa Albany, a Fabrairun 2000 aka sallami 'yan sandan huɗu. A 2003 kuma ɗan sanda ya harbe Ousmane Zongo, mutumin Burkina Faso mai gyaran sassaƙe-sassaƙe da ganguna, a wani gidan ajiyar kaya inda 'yan kasuwar Afirka ke tara haja. Ƙanina ya ce tun daga kisan Diallo duk direban tasi da ɗan tebur na Afirka ya koyi karatun da iyayen baƙaƙen Amurka suka daɗe suna koya wa 'ya'yansu: in an tsayar da kai hannu a kan sitiyari, kada ka taɓa aljihu sai ka nemi izini, ka ce ranka ya daɗe ko da yaro ne sa'an ɗanka.

Duk da haka shi da babbar 'yarsa ba su jitu a kan maganar ba, kuma na tarar da ragowar rigimar a gidan. A 2020, bayan ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd a Minneapolis har ya mutu, yarinyar ta fita zanga-zanga, uban ya hana, ta fita. Hujjarsa ita ce irin tamu ta baƙi: neman abinci ya kawo mu, baƙo ba ya shiga faɗan masu gari, in ruwa ya ci ka ba mai ciro ka. Ita kuma, da Hausarta mai gutsure-gutsure, ta ce da ni, “Baba, shi baƙo ne, ni ba baƙuwa ba ce. A nan aka yanke mini cibiya. In ɗan sanda ya tsayar da ƙanina ba zai ce ina Kumasi ba.” Duk takardar da za ta cika, gurbin baƙar fata take yi wa alama. Tana sa hijabi, tana son waakye da tuwo, tana kuma cewa “mu” idan tana maganar Selma.

Ban raba musu gardama ba, amma na gane daga ina tsoron uban ya fito. Mu 'yan zangon Gana an shayar da mu labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda sati biyu su fice, aka loda mutane a manyan motoci har da waɗanda a Kumasi aka haife su, aka haifi iyayensu. Mun taso da sanin cewa haihuwa a gari ba ta sa ka zama ɗan gari, don haka ka yi shiru ka riƙe jakarka kusa. Yarinyar kuwa ƙarƙashin wata doka ta taso, gyara na 14 ga tsarin mulkin Amurka, na shekarar 1868, wanda ya ce wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne. Don 'yantattun bayi aka yi shi, bayan yaƙin basasa. Fasfon da 'ya'yan mutanenmu ke riƙe da shi gadon waɗancan bayi ne. A Janairun 2025 fadar shugaban ƙasa ta fitar da umarnin taƙaita wannan haƙƙi ga 'ya'yan wasu baƙi, maganar ta tafi kotu, kuma a ranar na tabbata babu gidan ɗan Afirka da ba a tattauna ta ba.

Su kansu masu gidan suna sake lissafin ko wane ne “mu”. Sunan da ake kiransu ya canja sau da yawa cikin shekara ɗari, har Jesse Jackson ya tsaya a 1988 ya ce a riƙa haɗa sunansu da Afirka. A lokacin 'yan Afirka na haihuwa ba su da yawa, sunan bai dami kowa ba. Yanzu da muka yi yawa tambaya ta taso. Obama ubansa ɗan Kenya ne, Kamala Harris ubanta ɗan Jamaika uwarta 'yar Indiya, wato manyan kujeru biyu da baƙar fata ya fara hawa duk 'ya'yan baƙi ne suka hau. Wasu jikokin bayi suna cewa guraben manyan jami'o'i da iyayensu suka sha duka a kai, 'ya'yan Najeriya da Gana ne ke cika su. Da jihar Kalifoniya ta kafa kwamitin duba diyyar bauta, a 2022 ya yanke cewa in za a biya, zuriyar waɗanda ke ƙasar tun ƙarni na 19 za a biya, ban da wanda ya zo jiya. Wasu mutanenmu sun ji haushi. Ni ban ga abin haushi ba. Bashi ne, kuma mai bashi ake biya, ba wanda ya yi kama da shi ba.

Ana wannan lissafi ƙasar tana zamewa a ƙarƙashin kowa. A 1950 kashi 98 cikin ɗari na tsakiyar Harlem baƙaƙe ne. Yau ka tsaya a kwanar 125 da Malcolm X, inda 'yan tebur suka yi zamaninsu, kantin Whole Foods ne tun 2017, Turawa matasa na fitowa da ledoji suna jan karnuka. Gidajen da aka gudu aka bari a shekarun ƙwaya yanzu miliyoyin daloli ake tayawa. Haya ta kori tsohuwar da kakarta ta zo daga Jojiya, ta kuma kori mai shagon Senegal da ke ƙasan benenta, su biyun suka nufi Bronx ko suka bar jihar. Kujerar majalisa da Powell da Rangel suka riƙe shekara 72 a tsakaninsu ta koma hannun Adriano Espaillat, haifaffen Jamhuriyar Dominika, a zaɓen 2016. Kujerar kansilan unguwar kuma Yusef Salaam ya ci ta a 2023, Musulmi ɗan Harlem da aka kama yana ɗan shekara 15 a 1989 bisa laifin fyaɗen da bai yi ba, ya yi kusan shekara bakwai a tsare, sai 2002 kotu ta wanke shi da abokansa huɗu. Dattijon rumfa ya ce shi dai ya jefa masa ƙuri'a, kuma ita ce ta farko da ya taɓa jefawa a zaɓen unguwa, duk da ya daɗe da samun takardar zama ɗan ƙasa.

Ta fuskar haja, shadda ba ta yi gudu ba sai wajen mutanenmu, su kuma sun san farashin gida, ba ka cin ribarsu. Abin da ya tashi nan da nan shi ne ƙyallayen kente na saƙar hannu, masu faɗin tafi, waɗanda ɗalibai baƙaƙe ke ratayawa a wuya ranar bikin gama makaranta. Ashirin na je da su, ko kwana uku ba su yi a rumfar dattijo ba. Ya ce masu saye yanzu sun waye, suna juya ƙyallen su duba bayansa, suna tambayar sunan zanen da garin da aka saƙa shi, bugun inji ba ya wuce su kamar da. Ya yi odar ɗari kafin watan Mayu, rabi launin da muka saba, rabi kuma a saƙa masa da ja da baƙi da kore, launin tutar Garvey. Na kai wa masaƙana na Bonwire samfurin zaren, mun yi tsada, sun karɓi rabin kuɗi.